Ƙetare Tenere a Ƙafa: Daga Agadas zuwa Bilma da Motocin Rakiya

Tsakanin Agadas da Bilma tafiyar kusan kilomita 600 ce, kuma fiye da rabinta rairayi ne zalla: ba itace, ba ciyawa, ba gari sai Fachi a tsakiya. Ita ce tsohuwar hanyar ayarin gishiri. Idan damina ta janye, wajen watan Oktoba, Abzinawa kan ɗora wa raƙuma gero da harawa su nufi gabas, su sayo kantun gishiri da dabino a Fachi da Bilma, su juyo, sannan su gangara kudu da kayan zuwa Damargu da Damagaram har Kano. A farkon ƙarni na 20 an ga ayari ɗaya mai raƙuma wajen 20,000 a wannan hanya. Yau manyan motoci sun karɓe yawancin lodin, amma ayarin bai mutu ba. Mu a ƙafa muka bi ta, da jaka a baya, cikin hunturu, tare da motocin rakiya uku da mutanen da suka san hamadar Tenere.

Wanda ya yi niyyar wannan tafiya ya fara cire wa ransa kwaikwayon ayari. Ayari ba ya hutawa a tsakiyar Tenere. Da hantsi ake ɗaure kaya, a yi ta tafiya har tsakar dare, awa goma sha biyar ko fiye. A kan tafiya ake dama fura, a kan tafiya ake dafa shayi a miƙa wa juna. Suna da dalili. Raƙumi na ɗauke da abincinsa a bayansa, duk ranar da aka ƙara damin harawa take ci, har ma sukan ajiye wasu dammunan a hanya saboda dawowa. Ga shi kuma in mutum ya gaji sai ya hau. Mai jaka a baya ba shi da abin hawa, kuma ƙafar mutumin gari in ta yi kilomita 25 a rana kwana huɗu ko biyar a jere, dole ta nemi hutu. To amma ranar hutu ita ma ruwa take sha, kusan daidai da ranar tafiya. Duk tsarin a nan ya rataya: a ina za a huta, kuma wa zai ɗauko ruwan wannan ranar.

Ga yadda muka yi lissafin. Masu tafiya shida, masu rakiya su ma shida: madugu, direbobi uku waɗanda ɗayansu bakanike ne, kuku, da malamin asibiti. Cikin hunturu mai tafiya na shan lita shida zuwa takwas a yini, wanda ke mota huɗu zuwa biyar, girki da shayi da ɗauraye kwano kuma su ci wajen lita uku a kan kowane mutum. In an dunƙule aka bar 'yar rara, lita goma ke nan ga kowa, lita 120 a rana, wato jarka shida mai cin lita 20. Daga rijiyar Itacen Tenere zuwa Fachi kimanin kilomita 170 ne, ba ɗigon ruwa a tsakani. Kwana bakwai na tafiya, ɗaya na hutu, biyu na ko-ta-kwana saboda iska ko lalacewar mota: kwana goma, lita 1,200, jarka 60. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka ruwa kaɗai ya haura tan guda, ba a sa mai da abinci ba. Akori-kurar Land Cruiser da za ta ɗauki tan guda a kwalta, in aka yi mata wannan lodin a rairayi mai laushi, nutsewa za ta yi ta yi. Shi ya sa mota uku.

Jarka ta fi duro. Duro mai lita 200 in ya tsage, ruwan kusan kwana biyu ya tafi lokaci ɗaya, kuma ba ya saukuwa in mota ta kafe ana son a rage mata nauyi. A raba jarkokin tsakanin motocin, kada a tara su wuri ɗaya. A rubuta wa kowace lamba, kuku ya riƙe littafi, a ƙidaya kowane dare bayan isha'i a gaban madugu. Jarkar da ta taɓa cin mai ba ta ƙara zama ta ruwa, komai wankin da aka yi mata. Salka da ake ratayawa a gefen mota tana sanyaya ruwa sosai, amma ta hanyar tsatsafowa take yi, tana cinye wani kaso. A sha daɗinta, kada a sa ta cikin lissafi.

Mai ma haka ne. Motar da ke bin masu tafiyar ƙasa ba ta tafiya miƙe: ta yi gaba, ta dawo, ta zagaya neman mashiga tsakanin tuddai. A ninka tsawon hanya sau biyu. A rairayi mai laushi tana shan lita 25 zuwa 30 na dizal a kilomita 100, don haka zango mai kilomita 170 na cin wajen lita 100 a kowace mota, sannan a ware man da zai kai marar lafiya Agadas ko Dirku, garin da ke arewa da Bilma, wanda ba mai taɓa shi.

Kafin duk wannan akwai maganar izini. Ba a shiga Tenere sai da sanin hukumomin jihar Agadas, kuma rakiyar sojoji sharaɗi ne, musamman in akwai baƙi 'yan ƙasar waje a cikin tafiyar. Halin tsaro na canzawa. In sun ce a dakata, a dakata. A tambaya tun da wuri ko ruwa da man motar masu tsaron suna wuyan wa, don a shigar da su lissafi. A gefen duwatsun Abzin kuma ba a kauce wa sawun da madugu ya sani, saboda nakiyoyin da aka binne lokacin tawayen 2007 zuwa 2009.

Za a ce, tunda ga motoci, me ya kawo jaka a baya? Amsar ita ce mota na iya rashin zuwa. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Duk wanda ya taka hamada ya riƙe wannan a ransa. Saboda haka kowane mai tafiya na ɗauke da abin da zai kwana da shi shi kaɗai: ruwa lita huɗu zuwa biyar a gora biyu ko uku, ba ɗaya ba, jakar kwana, rigar sanyi, dabino da ƙuli-ƙuli, tocila, usur, ɗan madubi don haska wa mota, kamfas, filasta da aidin, ƙullin gishiri da sukari. Duka kada ya wuce kilo tara. Na gaba da na baya a layi kowa na riƙe da oba-oba. Wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam guda biyu, a motoci daban-daban, da lambar wani a Agadas wanda ake kira kowace yamma a gaya masa inda aka sauka; in bai ji kira ba kwana biyu, ya san ofishin da zai je.

Aikin motocin tsari ne da ba a karya shi. Biyu su wuce gaba kilomita 12 zuwa 15 su kafa rumfa, ɗaya ta tsaya a masauki har sai na ƙarshe ya kusa ɓacewa daga gani, sannan ta biyo sannu a hankali. Ba ranar da duka ukun za su kasance a gaban masu tafiya. Mu kuma muna tashi kafin asuba, a yi salla, a sha kunu da shayi, gari na fara wayewa an kama hanya. A yi tafiya har wajen ƙarfe 11, da ɗan tsayawa na minti goma kowace awa. Daga nan a shiga rumfa har la'asar, sannan a ƙarasa abin da ya rage kafin magariba. A ƙasa mai tauri mutum na yin kilomita huɗu a awa. A rairayi mai zurfi da ƙyar ya yi biyu da rabi. Rairayin safiya ya fi riƙe ƙafa, na yamma da ya sha rana ya fi sakewa, don haka kashi biyu cikin uku na tafiyar yini da safe ake cin sa.

Zangon farko, daga Agadas ta gindin duwatsun Abzin zuwa rijiyar Tazole, shi ne mai sauƙi a ido: koramu busassu, tsakuwa, itatuwan ƙaya, tantunan makiyaya, rijiyoyi nan da can. Amma a nan ƙafa ke lalacewa. Bororon ƙafa na fitowa tsakanin rana ta biyu da ta huɗu, shi ya sa hutun farko ya kamata ya zo da wuri, bayan kwana uku, ko da kowa na cewa da sauran ƙarfinsa. Takalmi ya fi na kullum girma da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi, don ƙafa kumbura take yi, kuma ya zama an taka shi makonni kafin tafiya. A ɗinka masa riga ta yadi mai laushi daga bakin tafinsa har saman idon sawu. Manne ta da gam kaɗai ba ya isa, zafi na saki gam ɗin, sai an haɗa da ɗinki wajen baduku. Takalmi mai raga a sama rairayi yake tacewa zuwa ciki, ya taru ƙarƙashin yatsu ya yi ta goga. Safa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya na shan iska a bayan jaka, ɗaya ta dare. Ƙarangiya da ke manne wa safa a wannan yanki, da ɗan hantsaki ake cire ta, ba da farce ba.

Malamin asibitinmu ba ya jiran a kawo ƙara. Daga baya yake tafiya yana kallon taku. Da ya ga wani ya fara karkata ƙafa sai ya ce, "Yaya, zauna mu ga ƙafar nan." A ce masa, "Ba komai likita, bari mu sauka tukun." Ya ce, "A'a, yanzu dai." Gaskiyarsa. Wurin da ya yi ja yana zafi, filasta ɗaya ta isa in an kama shi a lokacin. In ya riga ya ɗuri ruwa, a wanke, a huda gefensa da sabuwar allura, a matse, a bar fatar a wurinta don ita ce murfi, a sa aidin, a rufe. In ja ya fara hawa sama ko wurin ya yi mugunya, maganin kashe ƙwayoyin cuta da zama a mota, ba gardama. Wanda ya ɓoye bororo ya canza taku, kwana biyu sai gwiwa ko ƙugu su karɓi ciwon, wannan kuma hutun yini ɗaya ba ya warkar da shi.

Itacen Tenere yana wajen kilomita 240 gabas da Agadas. Itacen kansa, ƙaya ce irin kandili, mota ta kaɓe shi a 1973, gawarsa na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa na ƙarfe a madadinsa. Abin da ya kawo mu dai rijiya ce, mai zurfin wajen mita 40, kuma a nan na ga abin da ake nufi da ranar hutu.

Ga mai tafiya, hutu aiki ne na kansa. A cire takalmi yini guda, a ɗaga ƙafafu bisa jaka don kumburi ya sauka. A jiƙa su cikin ruwan ɗumi mai gishiri na minti goma sha biyar, a bari su bushe sarai, a yanke farce, a shafa man kaɗe a dunduniya, domin faso a hunturun Tenere yana tsagewa har ya yi jini. A wanke safa da ɗan kamfai. Gishirin zufa da ya bushe a jikinsu shi ke saɓe fata tsakanin cinyoyi. A zazzage takalmi, a ciro shimfiɗar cikinsa, a duba ɗinkin rigar. A ci abinci sau huɗu. Jiki na ƙona fiye da abin da mutum ke iya ci a ranar tafiya, a ranar hutu ake biyan bashin: shinkafa da wake da mai, taliya, kilishi, naman akuyar da aka saya wurin makiyaya kafin a bar Tazole, da tagalla, burodin da ake binnewa cikin rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mai da ranar ta yawon buɗe ido, a tafi hawan tudu don ɗaukar hoto. Wanda ya yi haka bai huta ba. Wani kuskuren kuma shi ne a kwanta kwana biyu ko uku a fili: ƙafa ta sandare, ruwa ya ragu, zuciya ta yi sanyi. Yini ɗaya, da ɗan tattaki na minti ashirin da yamma, ya wadatar.

Ga masu rakiya kuwa, ita ce ranar da ta fi kowace wahala. A sauke lodi gaba ɗaya. Bakanike ya ciro matatar iska ya hure ta, ya duba lagireto da fambel da ruwan batir, ya bi ƙusoshin ƙarƙashi ɗaya bayan ɗaya, ya binciki tayoyi saboda ƙayar zangon baya. Sauran su hau jan ruwa: lita 1,200 daga zurfin mita 40 da guga mai lita 20, ja sittin ne ko fiye. Da kurar jan guga da doguwar igiya mota na iya ja, yadda makiyaya ke yi da raƙumi. Ruwan ba mai daɗi ba ne. A bar shi ya kwanta, a tace da farin yadi ninki huɗu, a jefa ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa bisa adadin da ke jikin kwalin, a jira minti talatin kafin a sha. Ra'ayina a nan ba ya rawa: tsarin da ya ba masu tafiya hutu bai ba direbobi ko rabin yini ba, tsari ne marar kyau. Direban da bai yi barci ba shi ke ƙona kuloci a rairayi. Masu tafiya su karɓi tace ruwa da wanke kwanoni suna zaune, a sallami direbobi bayan azahar su kwanta. A ci a kwano ɗaya, kuma ladansu a yanke shi tun a Agadas har da kwanakin ko-ta-kwana.

Salla ba ta da wuya. Ƙasaru ake yi, kuma a mazhabar Malikiyya sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sannan ya cika, don haka hutun kwana ɗaya ko biyu bai ɗauke ta ba. A bakin rijiya a yi alwala da wanka. A tsakiyar fili, inda ruwan jarka na sha ne a ƙidaye, taimama.

Daga itacen zuwa Fachi fili ne shimfiɗaɗɗe, rairayi mai ɗan tauri da tuddai marasa tsawo, ko'ina ka juya iri ɗaya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma gabas muka nufa, don haka a kuncin hagu take dukan mutum daga hantsi har la'asar. Rawani mai tsawon mita huɗu ko biyar, da amawali a kan hanci da baki, ya fi kowace hula. Yana tare ƙura, yana kuma rage ruwan da numfashi ke fitarwa. Tabarau mai rufe gefe, da man shafa leɓe. Dare kuwa sanyi ne na gaske, yakan kusa daskarar da ruwa. A Bilma an taɓa auna digiri 2.4 ƙasa da sifili a watan Janairu na 1995. Sanyin ƙasa ya fi na iska cutarwa, don haka 'yar katifa ƙarƙashin jakar kwana ta fi ƙarin bargo. Ba itacen wuta ko sanda ɗaya, tukunyar gas biyu da buhun gawayi na shayi sai an zo da su. A nan ne muka yi rabin hutu a tsakiya: tafiyar safe kawai, kilomita goma sha biyu, sauran yinin a rumfa. Yana farfaɗo da ƙafa ba tare da ya cinye ruwan yini guda a wuri ɗaya ba.

Hatsarin hunturu shi ne mutum ba ya ganin zufarsa. Iska na busar da ita nan take, sai farin gishiri a wuyan riga. A riƙa kurɓa kowane minti ashirin, rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi, kada a jira ƙishi. Fitsari shi ne ma'auni: in ya koma kalar shayi, ko aka yi awa shida ba a yi ba, an makara. Akwai kuma akasin haka, wanda mutane ba su cika sani ba. Mai ɗirkar ruwa zalla ba gishiri, jininsa na tsinkewa: ciwon kai, amai, yatsu su kumbura, ya fara ruɗewa, in aka ƙara masa ruwa abin ya ƙara muni. Maganinsa tun farko abinci mai gishiri da gora ɗaya ta ruwan gishiri da sukari kowace rana: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Furar Abzinawa, gero da dabino da cuku a daka tare a dama da ruwa, ita ce abincin rana da ya fi zama a ciki lokacin tafiya. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa shi a yi ta fifita, a kira waya. Ba batun jira ba ne. Kada mai ƙarancin ruwa a jiki ya sha ibuprofen ko diclofenac, suna taɓa ƙoda. Paracetamol ya fi. Tramol kuwa kada ya shiga jakar kowa: yana rufe ciwon da ya kamata a ji, yana kuma iya kawo farfaɗiya.

In iska ta taso da rairayi har na gaba ya daina ganin na baya, tsayawa ake yi. A taru wuri ɗaya, a juya mata baya, a rufe fuska, a kira motar baya. Sawu na shafewa cikin ƙasa da awa guda, don haka wanda ya ɓace ya zauna inda yake, ya busa usur. Neman mutumin da ke zaune ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ko zagayawa bayan tudu da dare, sai da tocila da sanin wani. Na'urar GPS na nuna inda ake, amma ba ta san inda rairayi zai ɗauki mota ba. Wannan sanin madugu ne, uban tafiya, wanda ke karanta launin ƙasa da kwanciyar tuddai. In ya ce a zagaya kilomita uku, a zagaya.

Fachi na gindin wani dogon dutse, da gonakin dabino da ramukan gishiri da tsohuwar ganuwa mai manyan rumbunan ƙasa a ciki, inda Kanurin garin ke fakewa da abincinsu a zamanin hare-hare. Nan ne wurin hutun kwana biyu, don ruwa ba na jarka ba ne. A fara da gaishe da masu gari da jami'an tsaro. A kwana cikin gidan sauro, a girgiza takalmi da safe saboda kunama, a kuma ci gaba da sa wa ruwa magani. Mai kanwa ne, yana sakin ciki. Duk wanda ƙafarsa ba ta warke ba a nan, shawara ita ce ya hau mota, domin abin da ke gaba ya fi na baya.

Daga Fachi zuwa Bilma shi ma wajen kilomita 170 ne, amma manyan tuddai ne jere-jere da kwaruruka a tsakaninsu. A rage tafiyar yini zuwa kilomita 18 ko 20, a ƙara kwanaki da ruwa a lissafi. Iska na tara rairayi mai laushi a fuskar tudu ta kudu maso yamma, mai tsayuwa tsaye, kuma ita ce fuskar da mai zuwa daga yamma ke tararwa. Ba a hawanta kai tsaye. A bi kwari, a nemi inda tudun ya yi ƙasa, a hau a karkace, kowa na taka sawun na gabansa, ana sauya na gaba. Saboda wannan ina ganin wanda ke da zaɓi ya faro daga Bilma ya nufo yamma, iska a bayansa, hawa ta gefe mai tauri. Motoci a nan ake sauke musu iskar taya zuwa wajen "bar" ɗaya a ma'aunin iska, su ƙetare wurare masu wuya da sassafe. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a haƙe gaban tayoyi huɗu da shebur, a shimfiɗa farantan ƙarfe, a sauke jarkoki in ta kama. Rumfar rana na iya makara awa biyu ko uku, kuma a irin wannan ranar ruwan da ke jaka shi ke riƙe mutum.

Dutsen Kawar na bayyana tun saura tafiyar yini, dogon bango daga arewa zuwa kudu, Bilma a ƙarƙashinsa da maɓuɓɓugan ruwa da lambuna, a garin da ruwan samansa na shekara ba ya kai milimita 20. Kafin a shiga gari ana ratsa Kalala, ramukan gishiri masu ruwa ja da ruwan ɗorawa, inda ake tsame beza fara ta miya, ake kuma zuba gishiri mai gauraye a turmin kututturen dabino ya fito kantu.

A ware kwana biyu a Bilma kafin a juya. Ƙafa ta fi kumbura bayan an daina tafiya, kuma zaman mota na kwana biyu zuwa uku har Agadas na ƙara mata. A sa silifa, a sauka a taka kowace awa biyu. Mai ana samunsa a Dirku, kilomita 45 a arewa, a duro ake sayar da shi, a tace da yadi kafin a zuba a tanki. Jarkokin ruwa kuma a cika su duka kamar ranar fita, a sake sanar da hukuma da mutumin Agadas ranar tashi da hanyar da za a bi.